Matar da Ta Cire Ɗanta Daga Makaranta

Saƙon rasuwar Gwaggo ya iske ni ina tsakiyar darasi a makarantar da nake koyarwa a Birnin Kebbi. Wani direban motar Argungu ne ya tsaya a bakin taga ya yafito ni da hannu, tun daga yadda ya cire hularsa na san ba alheri ya kawo ba. Kafin in sami mota in isa, har an kai ta makwancinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gwaggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta basarke ne, wato masunci, ya rasu tun da wuri ya bar ta da ɗa guda, ita kuma ba ta sake aure ba. Da bandar kifi ta riƙe kanta da ɗanta. Duk ranar kasuwa takan ɗauki kwandonta ta hau mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ta dawo kafin Magariba.

Na tarar da ƙofar gidan cike. Sarkawan da suka shekara suna kawo mata kifi sun jeru a tabarma guda, ba mai cewa komai sai wani dattijo da ke ta nanata cewa bai taɓa jin ta kushe kifin mutum don ta karya masa farashi ba. Baba yana zaune a tsakiyar zaure, ana yi masa gaisuwa yana amsawa da ka. Can sai ga wata Bayarbiya mai sayar da kwanuka, maƙwabciyar Gwaggo a kasuwar Birnin Kebbi, ta sauko daga mota tana kuka tun daga bakin titi, ɗankwalinta a hannu. Matan gida suka fito suka rufa mata mayafi suka shigar da ita. Daga zaure muna jin ta tana cewa da Hausarta mai kyau, ba don wannan mata ba da 'yarta ba ta gama firamare ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai ya matso kusa da ni ya rage murya ya tambaye ni ɗan nata fa, yanzu yaya za a yi da shi. Ɗan Gwaggo, taubashina, bai zauna a zaure ba. Yana bayan gida kusa da murhun banda, ya jingina da bango ta yadda ba wanda zai zo masa ta baya. Ya kusa shekara talatin, lafiyayye ne, hankalinsa ɗaya, amma taron maza fiye da biyar ya fi ƙarfinsa. Yadda aka yi ya zama haka, da abin da uwarsa ta yi a kai, shi ne abin da nake tsoron a manta idan an watse daga zaman makoki. Ni ma ina da hannu a ciki, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta.

Gwaggo ba doguwa ba ce, kuma hayaƙi ya daɗe da rina mata idanu. Tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya muna yara. Idan yaro ya shigo gidanta ba ta tambayarsa lafiyarsa, tuwo take ajiye masa ta koma gefe tana juya kifi tana satar kallonsa. Ta ce a wurin ci ake gane yaro. Wanda ya kare kwano da hannu ɗaya yana ci yana waige, to akwai mai ƙwace masa a wani wuri. Idan uwa ta zo tana yabon ɗanta wai kwanan nan ya yi hankali ya daina surutu, sai Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta ta ce: "Yaro ba shi yin hankali kwana guda. Tahi ki ɗaga rigatai ki duba." Ba ta yarda a laƙa wa yaro suna a gabanta, ko da na wasa ne. Har wasan taubasai da kowa ya sani halal ne ta sa masa iyaka. Ni da ɗanta mukan tsokani juna, in kwaikwayi i'inarsa, shi kuma ya ce kunnuwana kamar faifai. Ta ƙyale mu muddin dukanmu muna dariya. Da zarar ɗaya ya yi shiru sai ta ce wasa ya ƙare.

Waɗannan halaye ba da su aka haife ta ba. Yawancinsu daga baya ta koye su, kuma ba da sauƙi ba.

Na girmi taubashina da shekara biyu. Yana da 'yar i'ina tun yana ƙarami, amma ba ta hana shi komai ba. Shi ne mai ba mu labari a bakin gulbi, kuma a lissafi ba wanda ya kama ƙafarsa a ajinsu. Ba a daɗe da yin Jihar Sakkwato ba ya ci jarrabawa, aka tura shi makarantar kwana ta maza da nake aji uku a cikinta. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don abin da ya faru ba nata ba ne ita kaɗai. Baba ne ya yi ta kai da kawowa har aka haɗa mu wuri ɗaya, don in riƙa kula da shi. Ranar tafiya Gwaggo ta cika masa akwati da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli, ta kama hannunsa ta sa a nawa a tashar mota.

Kifin nan ne ya fara jawo masa. Ranar farko da siniyoyi suka zo binciken akwatunan 'yan aji ɗaya, suna buɗe nasa wari ya tashi. Suka kwashe kifin, suka raɗa masa suna Banda. Da suka gano yana i'ina sai abin ya zama nishaɗinsu na kullum. Bayan Azahar, lokacin da ake hutu a ɗakin kwana, sai su ɗora shi a kan akwati su ce ya faɗi sunan garinsu sau goma ba tare da ya sarƙe ba. In ya sarƙe, tsallen kwaɗo a kan tsakuwa. Wanki da ɗibar ruwa da fifita kuwa, wannan kowane ɗan aji ɗaya yana yi. Haka muka tarar, haka aka yi mana, kuma kowa yana haƙuri ne yana jiran ranar da zai zama siniya ya rama a kan na baya. Malamai sun sani. Wasunsu a irin makarantun suka tashi, suna ganin da haka ake zama namiji. Amma a kowace shekara akan sami yaro ɗaya da ake ware wa, wanda nasa ya wuce na kowa. A shekarar nan taubashina ne.

Ni kuwa na sha wuyata a aji ɗaya, na samu an manta da ni, ba na son abin da zai sake tuna musu da ni. Rannan babban cikinsu, wani dogo ɗan aji biyar mai yawan dariya, ya tare ni a hanyar rijiya ya tambaye ni ko gaskiya ne Banda ɗan'uwana ne. Na ce gari ɗaya dai muka fito. Taubashina yana tsaye da bokiti bai fi taku biyar ba. Bai dube ni ba, daga ranar kuma bai sake zuwa wurina ba.

Cikin bazara abin ya kai ƙarshe. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen ɗakin kwananmu inda ake tara akwatuna, rufin kwano, ba taga. Wata rana bayan Azahar suka ce ya yi waƙa, ya ƙi buɗe baki. Suka tura shi ciki suka sa kwaɗo suka tafi filin ƙwallo da makullin. Na wuce ta wurin wajen La'asar. Na ji yana bugun ƙofa, ba da ƙarfi ba, kamar wanda ya daɗe yana yi ya gaji. Yana kiran sunana, yana sarƙewa a harafin farko. Ban san ko ya ji takuna ba ne ko kuwa tun ɗazu ni yake kira. Na tsaya, na duba hagu da dama, na hango biyu daga cikinsu a gindin dalbejiya suna kallona. Na wuce masallaci. Sai gab da Magariba aka buɗe, aka same shi a sume ya ɓata wandonsa. Suka zuba masa ruwa, suka gargaɗi kowa, magana ta mutu a nan.

Bayan kwana huɗu Gwaggo ta zo. Ba wanda ya aika mata. Ta gama kasuwa da wuri ne ta ce bari ta biyo ta ga yaranta. Aka kira mu gindin bishiyar da baƙi ke zama. Ta kwance ƙullin dambun kifi ta ajiye masa. Ya kasa kai hannu, sai waige yake yi. Ta yi masa magana, bakinsa ya yi ta rawa kalma ba ta fito ba. Ta ɗaga ƙafar wandonsa ta ga gwiwoyi. Sannan ta juyo gare ni ta tambaye ni ina nake aka yi wannan. Na ce ban sani ba, ajinmu daban, ɗakinmu ma kusurwa daban. Ta daɗe tana kallona.

Da kwandonta a ka ta shiga ofishin shugaban makaranta, mu muna biye. Mutumin bai wulaƙanta ta ba. Ya ba ta kujera, ya ce zai bincika, ya ce yara ne, kuma duk wanda ta gani a babban matsayi a Sakkwato ta nan ya bi. Ya roƙe ta kada ta yanke wa yaro mai ƙwaƙwalwa irin wannan karatu saboda abin da zai wuce. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce:

"Malam, ni ban yi boko ba. Amma ɗa mai magana nib ba ku. Ku ba ni abina haka nan, tun da sauran shi."

Ko akwatinsa ba ta tsaya ɗauka ba. Ni na kai shi gida da hutu.

Rigimar da ta biyo baya ita ce mafi girma da na taɓa gani a gidanmu. Da na dawo hutu aka tara mu a zauren Baba. Baba ya yi makarantar Midil zamanin Turawa, ya yi aikin En'e kafin ya koma noman albasa da shinkafa, kuma a wurinsa ba asarar da ta kai a cire yaro daga makaranta. Ya ce Gwaggo ta kashe wa maraya gaba da hannunta. Ya ce su a zamaninsu abin da aka yi musu ya ninka wannan, manya na aika su cikin rana ba takalmi, a kwantar da su a zane, ga shi ba abin da ya same su. Ya ce in an bi ta tata ba ɗan Kabi da zai zama likita.

Gwaggo ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, a gaban kowa, ita ce ta gasa wa Baba baya da ruwan zafi a hutunsa na farko, tana yi tana kuka don kada innarsu ta gani. Ita ce ta riƙa fitar da tabarmarsa da asuba tana shanyawa a bayan ɗaki har ya kai shekara goma sha huɗu, don kada a san yana fitsarin kwance bayan da can ba ya yi. Ta ce yaron da ya tafi Midil mai raha ne, wanda ya dawo kuwa har yau 'ya'yansa ba su taɓa ganin haƙoransa ba.

"Kai ka manta, ni ban manta ba," in ji ta. "Kac ce ba abin da yas same ka. Tambayi ɗiyanka mi ya sa suka miƙewa in sun ji tarinka."

Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Ya tashi ya shige ciki. Shekara biyu ba su yi magana ba, sai gaisuwar Salla ta bakin 'yan aike. Daga baya sun shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri, wata rana dai ya aika mata da buhun sabuwar shinkafa daga fadamar Zauro, ita kuma ta aiko masa da giwan ruwa guda. Amma maganar makaranta ba su sake tayar da ita ba har ta koma ga Allah.

Ba zan ce Gwaggo ta yi daidai a komai ba. An yi ƙoƙarin mayar da taubashina makarantar jeka-ka-dawo a nan Argungu, ya je kwana uku, ranar da wani malami ya rufe ƙofar aji saboda iska ya fita ta taga. Da ta matsa kaɗan, ko ta nemi wani malami ya riƙa koya masa a gida, wataƙila da ya ci gaba. Ba ta matsa ba. Tsoro ya shige ta ita ma. Ta cire ƙyauren ɗakinsa ta rataya asabari. In ya je gulbi ya daɗe sai ta bar kifi a wuta ta bi sawu. Mutane suka ce aljanu ne, aka kawo rubutu da hayaƙi, ta karɓa don kada ta ɓata wa masu kawowa, amma ta ce ita ta san aljanun, da wando da riga fara suke yawo. I'inarsa ta yi tsanani har ya zama da ita kaɗai yake doguwar magana. Ya koyi gyaran taru da banda, hannunsa ya fi nata kyau. Sau biyu ana yi masa maganar aure yana cewa a bari tukuna. Birnin Kebbi kuwa, inda makarantar kwanan take, bai sake taka ta ba.

Abin da ta kasa yi wa nata sai ta riƙa yi wa na wasu. Labarin 'yar mai kwanuka a bakin uwar na ji shi a wurin makoki. Yarinyar a Birnin Kebbi aka haife ta, Hausa ce a bakinta, amma 'yan ajinsu suka sa ta a gaba saboda tsagen fuskarta. In ta je famfo sai su ture bokitinta daga layi, su bi ta da waƙa har gida. Ta fara cewa cikinta na ciwo duk safiya. Uwar tana ganin su baƙi ne, ba ta son fitina, ta yi niyyar mayar da ita kudu wurin kakarta. Gwaggo ta lura yarinyar tana wuni a ƙarƙashin teburin kwanuka ranar makaranta. Ba ta je wurin malamai ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta bar wa uwar jiran kifinta, ta riƙe hannun yarinyar suka je famfon tare, ta tsaya a layi da ita. Ta tambayi kowace yarinya sunan uwarta, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da ɗan kifi a hannu kamar mai ziyara, ta gabatar da yarinyar a matsayin jikarta. Ranar kasuwa huɗu tana haka. Yarinyar yanzu tana koyon aikin jinya.

Ni kuwa Gwaggo ba ta taɓa canza mini fuska ba, wannan ne ma ya fi damuna. Tuwona yana nan, kifina na komawa makaranta yana nan. Na kai aji biyar, ban daki kowa ba, amma ban hana a daka ba. Sai ranar da na sami takardar fara koyarwa na je in gaya mata, na same ta ita kaɗai tana jera karfasa a kan wayar banda. Ban shirya ba, na ji bakina yana ba ta labarin ƙofar nan, da yadda na tsaya, da yadda na wuce. Ba ta daina jera kifin ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta tambaye ni, don na amsa mata da sauri. Ta ce ɗanta bai taɓa faɗa mata ba, ko sau ɗaya bai ambaci sunana da sharri ba.

"Yaro kake, tsoro na cin ka, ban riƙe ka ba," ta ce. "Amma yanzu ɗiyan mutane za a ba ka. In ka sake wucewa, wannan kai da Allah."

Tun daga ranar ban iya zama a ɗakin malamai lokacin hutun rana. Abokan aiki suna yi mini dariya wai ina yawo kamar mai gadi. Duk da haka na san akwai abin da ke wuce ni, don yaran da ake ci wa zali sun fi kowa iya ɓoyewa, kuma masu yi sun san lokacin da nake juya baya.

Ranar addu'ar uku wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Bayan an shafa fatiha an fara raba gumba, wata farar mota ta tsaya. Mai ita dillalin albasa ne daga Sakkwato da ya fara sayen kayan Baba a bara, ya zo yi masa ta'aziyya. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma yana buɗe baki na gane shi. Dogon nan ne ɗan aji biyar. Shi ma ya gane ni, ya kama hannuna da murna, ya shiga tuna zamanin makaranta. Da aka gaya masa marigayiyar mai bandar kifi ce, sai ya tafa hannu ya ce ashe uwar Banda ce, ina yake, a kira shi su gaisa. Da muryarsa ta dā ya faɗa, har da 'yar dariyar. Daga bayan gida na ji kwano ya faɗi.

Na ji kamar na koma aji uku. Baƙon Baba ne, ga dattawa, ga makoki. Na ce masa ya zo mu ɗan zaga. Muka tsaya a gefen motarsa, na gaya masa komai: ɗakin akwatuna, fita ta taga, ƙyauren da aka cire, shekarun da taubashina ya yi bai shiga taro ba. Da farko ya ce shi bai tuna da wani ɗaki ba. Sannan ya ce wasa ne na yara. Sannan ya juyo mini da kunnensa na hagu ya ce tun yana aji ɗaya bai sake ji da shi ba, wani siniya ne ya mare shi don ya zubar masa da shayi, kuma bai taɓa gaya wa ko matarsa dalili ba. Ya ce shi a zatonsa kowa ya warke kamar yadda ya warke. Ya roƙe ni in kai shi ya nemi gafara.

Na zaga baya ni kaɗai. Taubashina yana tsugune yana tsince kifin da ya zube. Na gaya masa abin da mutumin ya ce. Ya daɗe kafin kalmar ta fito.

"Ba yau ba."

Na koma na faɗa wa mutumin haka. Ya gyaɗa kai, ya shiga mota. Baba yana tsaye a bakin zaure, ashe ya ji yawancin abin da muka yi. Ya wuce ni ya zaga bayan gida, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a kan turmi kusa da ɗan yayarsa. Ba su yi magana ba, amma ya kai La'asar a wurin.

Dangi sun zauna a kan inda taubashina zai koma. Baba ya ce ya dawo gidansa, ni na ce ya biyo ni. Shi ya ce ba inda za shi, a gidan uwarsa zai zauna ya ci gaba da banda. Sai dai akwai kwando biyu da ta gama kafin ta kwanta ciwo, na mutanenta ne na kasuwar Birnin Kebbi da suka saba jiranta. Na ce zan kai. Ya ce a'a, ban san wanda ke son tarwaɗa da wanda ke son karfasa ba, shi kuwa ta sha gaya masa su ɗaya bayan ɗaya. Shi zai kai, in dai zan raka shi.

Jibi ne kasuwa. Tun da ya faɗa hankalina bai kwanta ba. Ina tunanin cunkoson tasha, da yadda ake rufe ƙofar mota a cika ta da mutane, da abin da zan yi in ya firgita a tsakiyar hanya, babu wadda ta san yadda ake lallashinsa. Na je na sami direban da ya kawo mini saƙon rasuwar, ya yarda zai ba mu gaba, gilashi a buɗe. Da na dawo na gaya wa taubashina, sai ya tambaye ni ko har yanzu motar tana bi ta gaban makarantar nan. Na ce tana bi, amma zan iya roƙon direba ya zaga ta cikin gari. Ya tambayi ta wane gefe ƙofar makarantar take in an fito daga Argungu. Na ce ta gefen mai zaman taga. Ya ci gaba da ɗaure bakin kwando har ya gama, ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta.

"Kada ya zaga," ya ce. "Ni za ni zauna taga."

Ban sani ba ko zai iya. Allah ya sa ya iya, ya ba ni ƙarfin zama kusa da shi ko ya iya ko bai iya ba. Ita kuma Gwaggo, Allah ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta ya sanyaya shi, ya saka mata da abin da ta yi wa 'ya'yan mutane. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani.